Amsa ga ɗalibar da ke son zama likitar yoyon fitsari

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a fannin aikin likita a nan Sakkwato. Ƙanwar mahaifiyata ta shekara 9 tana fama da yoyon fitsari kafin a yi mata aiki ta warke, tun lokacin nake son in zama mai wannan aikin. Wace hanya ake bi, kuma shekara nawa take ci? A gida ana ce mini aikin zarni ne, ba kuɗi a cikinsa, wai kuma ciwon ya kusa ƙarewa. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa innarki lafiya. Bari in fara da zancen zarni, tunda da shi aka fi tsorata ki. Ba su yi miki ƙarya ba.

Ranar ganin marasa lafiya, tun daga bakin ƙofa hancinki zai gaya miki sun iso. Benci yana nan, amma da yawansu ba su zama a kansa. Sai ki hangi yarinya 'yar shekara 16 ko 17 a tsaye can ƙurya, ta jingina da bango, ta naɗe tsumma da leda a ƙarƙashin zane. Laɓɓanta sun bushe sun tsage, don da gangan ta daina shan ruwa, a zatonta zubar za ta ragu. Ba ta raguwa. Fitsarin ne yake ƙara kauri da wari, ya cinye mata fatar cinya, wani lokacin har dutse ya taru a mafitsara. Uwar ce ke magana a madadinta: "Likita, wagga ɗiya kwana ukku tana naƙuda, ɗan bai zo da rai ba. Yanzu ba ta jin zuwanai, sai dai ta ga zane ya jiƙe." Abin da muke fara miƙa mata kofin ruwa ne, mu ce ta sha, ta yi ta sha. Shi zarnin, in kin yi sati biyu a ɗakin hancinki zai daina jin sa. Idon yarinyar nan da ba ya barin kallon ƙasa, shi ne ba a sabawa da shi.

Kin karanta yadda abin yake faruwa a aji, amma zan maimaita saboda masu karatu tare da mu. In naƙuda ta tsaya, kan jariri yakan cije a cikin ƙugu, ya matse mafitsara da bangon gaba a jikin ƙashin mara. Jini ya daina isa wurin, naman ya mutu. Bayan kwana 3 zuwa 10 mataccen naman ya zube, ƙofa ta buɗe tsakanin mafitsara da gaban mace. In matsin ya taɓa ta baya, har bayan gida yakan riƙa biyowa. Wasu kuma jijiyar ƙafa ce take shan matsi, ki ga mace tana jan ƙafa ɗaya. Akwai yankan gishiri da ungozoma ko wanzami ke yi da aska, shi ma yana kawo nasa rabon. Kuma kada ki ɗauka ciwon 'yan yara ne kaɗai. Ƙuruciya tana ƙara haɗarin, amma na yi wa mata masu haihuwa 7 da 8 aiki, waɗanda jariri ya kwanta musu a gicciye, dare ya yi, ba mota, ko hanyar ba ta biyuwa. Wanda ya san gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni, ya san abin da fita da dare da mai naƙuda yake nufi a 'yan shekarun nan.

Hanyar karatun ba ta da wuyar bayani. Ki gama shekara 6 ɗinki, ki yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, ki yi 1 ta hidimar ƙasa. Sai jarrabawar shiga horon ƙwarewa, ko ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Daga nan ki nemi gurbi a asibitin koyarwa, kamar na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke ƙofar gidanku, a sashen mata da haihuwa. Shekara 5 zuwa 6 ne, da manyan jarrabawa biyu da kundin bincike, in yajin aiki bai ci miki wani abu a ciki ba. Akwai ƙofa ta biyu, ta likitocin mafitsara da ƙoda, amma ga mai burinki ta farkon na fi so, zan gaya miki dalili. A Amurka wanda ya gama shekara 4 na fannin mata yakan ƙara 3 a wannan reshe kaɗai, wanda suke kira yurogainakoloji. Mu a nan cibiyoyin yoyon fitsari ne makarantarmu: Babbar Ruga a Katsina, Ningi a Bauchi, Abakaliki a Ebonyi, cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, ta Gesse a Birnin Kebbi, da tamu ta Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta fitar da tsarin horo mai hawa uku tun 2011, ana tantance mutum da abin da hannunsa ya iya, ba da yawan watannin da ya zauna ba. Daga inda kike yau, ki lissafa shekara 10 ko sama da haka.

Amma shekarun ba su ne abin da nake son ki riƙe daga amsar nan ba. Ki riƙe wannan: ɗinkin farko shi ne rabon mace. A hannun gwani, kusan tara cikin goma na waɗanda ba a taɓa taɓawa ba sukan rufe. In na farko ya warware, na biyu bai kai shi sa'a ba, na uku bai kai na biyu ba, domin kowane yanka yana barin tabo, tabo kuma ba ya da jini, ba ya miƙewa, ba ya riƙe zare.

Da tsada na koyi wannan, kuma ba ni na biya ba. A shekarata ta biyu da fara riƙe almakashi ni kaɗai, a wani asibiti da ba sai na ambaci sunansa ba, na riga na rufe ƙananan ƙofofi wajen 30, kaina ya fara girma. Aka kawo wata mata daga can bakin iyaka. Tata ba ƙofa ba ce kawai, hanyar fitar fitsari ce ta rabu da mafitsara gaba ɗaya, kamar a yanke wuyan tulu daga jikinsa. Irin wannan sai an saki mafitsarar ta kowane ɓangare, har ta bayan ƙashin mara, a jawo ta a haɗa ta zagaye. Ni kuwa na ɗinke inda idona yake gani, na zuba ruwan shuɗi a mafitsara don gwada ɗinkin, bai fito ba, na wanke hannu ina jin daɗi. Kwana na 6 da asuba nas ta kira ni, ta ce shimfiɗar ta jiƙe. Bayan wata uku da matar ta dawo, wurin ya yi tauri kamar itace, ya tsuke. Na tura ta wurin wanda ya kamata tun farko in tura ta. Sai da ya yi mata aiki biyu kafin ƙofar ta rufe, kuma har na daina ganin ta ba ta bushe ba. Ba ta taɓa yi mini kallon zargi ba, kullum sai godiya, wannan ya fi ci mini rai. Tun ranar, in na duba mace na ga abin ya fi ƙarfina, ba na jin kunyar in ce a kai ta gaba. Ko a lokutan gangami, da ake tara mata da yawa ana son a ƙirga adadi a faɗa wa masu ba da tallafi, ki kiyayi hannunki. Adadi na takarda ne, ita kuwa mafitsara ɗaya gare ta.

Shi aikin kansa, in kin gan shi, sai ki raina kayan. Allurar baya, gado mai karkata kai ƙasa, fitila mai kyau, ƙarfen buɗawa, almakashi mai lanƙwasa, zare mai narkewa, robar fitsari. Ba na'urar miliyoyi. Wuyar tana cikin rami mai zurfi da ƙunci, inda wani lokaci yatsa ke gani kafin ido. Abu na farko, ki nemo bakin bututan nan biyu da ke sauko da fitsari daga ƙoda. In suna kusa da gefen ƙofar sai ki zura musu 'yar siririyar roba, don in kika ɗinke ɗaya a cikin rashin sani kin kashe ƙoda. In sun ɓuya, a ba ta ruwa da allurar sa fitsari, ki zuba ido har ki ga inda yake tsartuwa. Sai ki raba mafitsara da bangon gaba a hankali har ta saki jiki. Ƙa'idar kowane tela ya san ta: in ka ja yadi da ƙarfi don bakinsa ya haɗu, a wurin ɗinkin zai yage. In ya haɗu ba ja, ki ɗinke, ki zuba ruwan shuɗi ta robar, ki sa farin ƙyalle ki jira.

Rabin warakar kuma a hannun nas take. Roba ta toshe na 'yan awoyi da dare, mafitsara ta cika, ɗinkin ya fashe, aikin yini ya tashi a banza. Shi ya sa za ki ga matanmu suna yawo a baranda, kowace da 'yar robar ruwa a hannu ɗaya, bokitinta a ɗayan, ana bin su da "sha ruwa, sha ruwa". Da can sati biyu muke barin robar. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana 7 zuwa 10 sun isa ga ƙofa mai sauƙi, wannan kuwa ya sa gado yana saurin samuwa ga ta bayanta. In kika samu tsohuwar nas da ta shekara 20 a ɗakin, ki girmama ta kamar malamarki, don ita ce.

Ranar cire roba, ki tsaya ki kalla. Mace za ta miƙe, ta buɗe ƙafa kaɗan, ta sunkuyar da kai tana kallon siminti tsakanin ƙafafunta. A ce ta yi tari. Ta yi. Ta sake kallo. Wata sai ta fashe da kuka, wata ta yi shiru kawai ta koma ta zauna a kan gado, a tsakiyarsa, karon farko ba leda. Wata dattijuwa tambayar da ta fara yi mini ita ce, "To yanzu ina iya tahiya biki?"

Sai dai akwai waɗanda ƙofa ta rufe sarai, ruwan shuɗi bai fito ba, amma suna miƙewa fitsari ya biyo ƙafa. Hanyar fitar fitsarin mace ba ta wuce santimita 3 zuwa 4 ba. In naƙuda ta cinye rabinta da tsokar da ke matse ta, ko mafitsarar ta ƙanƙance, to rufe ƙofa bai isa ba. A takarda an rubuta an yi nasara, ita kuwa a wurinta ba abin da ya canja, har yanzu kishiya tana toshe hanci. A nan ne gwaninta ta gaske take: a yanko jijiyar naman jikinta a yi wa hanyar majanyi, ko a ƙara mata tsawo. In duk ya faskara, akwai juya bututan ƙoda zuwa hanji, aikin da ba a komawa baya, mai buƙatar kulawa har ƙarshen rai, wanda ba a yi wa mace sai ta fahimta ta yarda da bakinta. Ni dai ban ƙirga mace cikin waɗanda suka warke sai zanenta ya bushe.

Kuma fannin ya fi yoyon naƙuda faɗi. A ƙasan ƙugun mace akwai tsokoki da jijiyoyi da suka shimfiɗu kamar raga, su ke riƙe da mafitsara da mahaifa da hanyar bayan gida. Haihuwa kusa da kusa, daka, ɗaukar ruwa da itace, tari mai daɗewa, taurin bayan gida, da ɗaukewar al'ada, duk suna sassauta ragar. Sai ki ga tsohuwa mai haihuwa 11 ta zo, bayan dogon kewaye-kewaye ta ce, "Wani abu na hito min, in na kwanta sai shi koma." Ki duba ki ga mahaifa ce ta zazzago har waje, ta yi gyambo saboda gugar zane, shekara da shekaru ko 'ya'yanta ba su sani ba. Wata zoben roba ya ishe ta, a sa mata, ta riƙa zuwa ana cirewa ana wankewa. Wata sai an cire mahaifar ta ƙasa an ɗaure saman wurin a jikin jijiyar ƙugu. In kuwa mai shekara 28 ce da ke son ƙarin haihuwa, kada ki yi gaggawar zancen cirewa. Kin san matsayin mahaifa a gidan aure a ƙasar nan. Akwai hanyoyin ɗaga ta a bar mata abarta.

Ga masu ɗigon fitsari in sun yi tari ko atishawa ko dariya, har da matan manya da malaman makaranta da ke zuwa a ɓoye. Yawancinsu motsa tsokar ƙasan ƙugu, wanda wani likitan Amurka Arnold Kegel ya bayyana a 1948, shi ake fara ba su na aƙalla wata uku kafin a yi zancen wuƙa. Ga waɗanda da sun ji zubar ruwan buta ba su kai bayi. Su magani da horon mafitsara suke buƙata, bayan an duba ciwon suga da ƙwayar cuta, in kuma daga fadamun Goronyo ko Wurno ko Wamakko take, a duba tsargiya. Wani abin sha'awa: ragar roba da Turawa suka yi ta dasa wa mata ta jawo ƙorafi har Birtaniya ta dakatar da ita a 2018, Amurka kuma ta hana sayar da wadda ake sawa ta gaba don zazzagowa a 2019. Mu tsada ta hana mu rungumar ta, muka tsaya ga gyara da naman jikin mace. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Ki san tarihin sana'arki ko da kaɗan. Ƙarfen buɗawar da za ki riƙe kullum sunan wani likitan Amurka, Marion Sims, yake ɗauke da shi, wanda ya gwada aikinsa a kan bayi mata baƙar fata a Alabama tsakanin 1845 da 1849, ba tare da maganin kashe zafi ba. Ɗaya daga cikinsu, Anarcha, an yanka ta wajen sau 30. A 2018 aka ɗauke gunkinsa daga babban lambun birnin New York. Likitoci biyu, Catherine Hamlin da mijinta Reginald, sun buɗe asibitin yoyon fitsari na Addis Ababa a 1974. A arewacin Najeriya kuwa, Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya zo Babbar Ruga a 1983 don aikin kuturta, shi ya ɗora harsashin abin da muke yi, ya yi aiki sama da 20,000, ya horar da likitoci da nas masu yawa. Shi ya yaɗa dabarar sa wa mace roba da zarar yoyo ya fara bayan haihuwa, a bar ta makonni tana shan ruwa, domin ƙananan ƙofofi wasunsu sukan rufe da kansu ba yanka. Wannan ko a ƙaramin asibitin ƙauye ana iya yin sa.

Zancen kuɗi: mai yoyon fitsari ba ta da abin biyan ki. Sau da yawa akuya aka sayar aka yi kuɗin mota. Aikin galibi kyauta ake yi da tallafin gwamnati da ƙungiyoyi irin su UNFPA, asusun kula da yawan jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, tallafi kuwa yau akwai gobe babu. Za ki ci albashinki na babbar likita, za ki rufa wa kanki asiri da sauran aikin mata da haihuwa, amma abokan karatunki da za su tafi Saudiyya ko Ingila za su riga ki gina gida. Ki shiga da saninki.

Batun wai ya kusa ƙarewa, ina ma. Ƙiyasin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta daɗe tana amfani da shi shi ne sababbi wajen 12,000 duk shekara, hannayen da ke gyarawa kuwa ba su kusa cim ma wannan ba. Kamannin ciwon ne yake sauyawa. Yanzu muna ƙara ganin yoyon da wuƙar likita ta jawo, wajen tiyatar haihuwa ko cire mahaifa, inda aka huda mafitsara ko aka ɗaure bututun ƙoda. Sau da yawa ƙaramin likita ne shi kaɗai da tsakar dare, da fitilar waya, ga mace ta kwana biyu tana naƙuda nama ya yi laushi. Wannan ne dalilin da na ce ki bi ta ƙofar mata da haihuwa. Ki iya tiyatar haihuwa mai wuya har ki koya wa na bayanki yadda ake ture mafitsara ƙasa kafin a yanka mahaifa. Ƙofar da kika hana buɗewa ta fi wadda kika ɗinke.

Akwai abubuwa biyu da ba a koyarwa a aji. Da yawan matan nan sun bar salla, sun ɗauka ba su da tsarki. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin mai salisil bauli tun da daɗewa: fitsarin da ke zuba ba iko, mafi yawan lokaci, ba ya warware alwala, an dai so ta sabunta. Na ga matar da wannan magana ta sa ta kuka tun kafin a taɓa ta da wuƙa. Na biyu, miji. Kada ki bar saƙon sallama a bakin matar kaɗai. Ki kira shi ki gaya masa da kanki: ba kwanciyar aure sai bayan wata uku zuwa shida yadda aikin ya nuna, in ciki ya shiga a fara awo da wuri, haihuwa ta gaba kuma tiyata ce a asibiti, ba gwaji a gida. Ana yawan cewa duk mazan sakin su suke yi. Akwai masu yi, da yawa. Amma na ga wanda ya kwana 20 a gindin dogon yaro a harabar asibiti, yana wanke mata tsummoki da hannunsa. Kuma kasancewarki mace riba ce babba, akwai abin da za su gaya miki a minti biyar wanda ni sai na yi wata ina lallashi.

Kada ki jira shekara 10. Hutun nan mai zuwa ki je ki gai da shugabar nas ta ɗakin masu yoyo, ki nemi izinin zama da su. Ki auna fitsari, ki duba roba, ki raka su shan ruwa, ki roƙi a bar ki ki tsaya bayan mai aiki a ɗakin tiyata. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa zana kowace ƙofa da kika gani, girmanta da nisanta daga bakin hanya, da abin da ya faru ranar cire roba. Ki tambayi innarki ma, in ta yarda, yadda shekarun nan 9 suka kasance. Ki zo da takalmin roba, na fata ba ya kai sati a wurinmu.